Kawu da Injin Auna Shekarun Tsofaffin Abubuwa

Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Kowa ya san wannan, ni ma na faɗa wa wasu sau ba adadi. Amma safiyar Talatar da aka kira ni daga tashar jirgin ƙasa na LRT da ke Wangsa Maju, a nan Malesiya, na tsaya riƙe da waya na kasa tuna ta inda ake fara kalmomin.

Minti ashirin kafin nan mun yi magana da shi. Kawu, yayan mahaifiyata, ya kira ni yana cikin bas daga unguwarsu Setapak, ina jin ƙarar ƙofa tana buɗewa tana rufewa. Tambayata yake ko ina son tukunyar shinkafa mai lantarki, don saura sati uku su koma gida shi da matarsa Hajiya, kuma ta ce ba za ta ɗauki tukunya har Kano ba. Na ce ina so. Ya ce, "To, Uwata, murfin yana da 'yar tsaga, kada ki ce ba a gaya miki ba." Uwata yake ce min saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min. Muka yi dariya, ya kashe.

Da lambarsa ta sake fitowa, na ɗauka ina cewa, "Kawu, ka tuna wata tsagar ce?" Sai na ji muryar mace, ma'aikaciyar tasha, tana haɗa Turanci da yaren Malay. Ta ce mai wannan wayar ya faɗi a kan matakala, lambata ce ta ƙarshe da ya kira, in zo yanzu.

Daga gidanmu zuwa tashar tafiyar minti biyar ce. Da silifas ɗin wanki na je. Na tarar an kwantar da shi a gefe, ma'aikatan motar asibiti suna tattara kayansu a hankali, ba irin na masu sauri ba. Wani mutum ɗan asalin Sin, mai kayan ofis, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, shi ya yi ta danna masa ƙirji kafin su iso. Da ya gane ni ce 'yar uwarsa, sai ya shiga ba ni haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Wani ya jingina jakar Kawu da bango. Ledar roti, irin gurasar nan, da ya yi tapau a kedai, wato ya saya a shago aka ƙunshe masa, tana kan jakar. Na taɓa ta, da ɗuminta.

Shekararsa sittin da uku. Ban taɓa ganinsa kwance don ciwo ba. Mutumin da yake hawa bene na shida da ƙafa, yana cewa lif na ragwaye ne.

Maigidana ya bi gawar zuwa asibiti, ni na tafi wajen Hajiya. Na same ta a falo, akwati biyu a buɗe, tana ninke kayansa. Na durƙusa na gaya mata. Ta dube ni, ta ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce da idona na gani. Ta ce, "A'a, Malam ya ce in ajiye masa miyar kuka, da la'asar zai dawo." Ta ci gaba da ninki. Ta gama riga ɗaya, ta ɗauki wata, ta daidaita wuyanta. Sai da ta kai kan farar rigar aikinsa mai dogon hannu, sannan ta zauna a ƙasa, ta riƙe ta har matan maƙwabta suka fara shigowa.

Ɗaliban Najeriya da ke Setapak suka cika farfajiyar ginin kafin azahar. Baba Mai Inji suke ce masa. Wani da ya ba shi sahu a sallar asuba ta ranar ya yi ta maimaitawa, "Wallahi yau na gan shi, yau ɗin nan, ya ce min wandona ya yi tsawo." Duk wanda ya iso sai ya kama hannunsa ya sake faɗa masa, har aka zaunar da shi.

Gida kuwa muna gabansu da awa bakwai, don haka muka riƙe labarin har aka yi asuba a Kano. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin awannin nan ba. Da na kira Mama na ce mata Kawu ya rasu, ta yi salati, ta ce, "Allah sarki Yaya Babba, jiya ma na je duba shi." Ta ɗauka babban yayansu nake nufi, wanda muke ce wa Kawu Babba, mai shekara saba'in da biyar, da ciwon suga ya daɗe yana wahalarwa. Sai da na ce, "Mama, ba shi ba. Na nan wajenmu." Ta ce, "Wane na wajenku?" Ta san amsar. Na ji wayar ta faɗi.

'Yata mai shekara bakwai, wadda a nan ta tashi, Atuk take ce masa, yadda yaran nan suke kiran kakansu. Da aka ɗauko ta daga makaranta ta ga mata cike da ɗaki, ta tambaye ni da yaren Malay yaushe Atuk zai dawo daga aiki. Na amsa mata da Hausa, ta ce ba ta gane ba. Na san ta gane.

Ina rubuta wannan ne saboda Kawu ba irin mutanen da ake buga ta'aziyyarsu a jarida ba ne. Ba farfesa ba ne, ba dakta ba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen kimiyya na wata jami'a a Arewa. Shi ke gyara na'urori, shi ke riƙe makullai, shi ya san wace soket ce ke ja. Farfesoshi da yawa sun bi ta hannunsa suna ɗalibai, kuma babu wanda ya rubuta sunansa a bangon littafi.

Yana da shekara sittin da ɗaya aka ce ana neman wanda za a tura Malesiya ya koyi sarrafa wani inji na auna shekarun tsofaffin abubuwa, don jami'ar tana fatan samun irinsa. Matasa suka nema, shi ma ya nema. Da aka ce masa ya kusa ritaya, sai ya ce injin ba ya tambayar takardar haihuwa. Ya ba mu labarin wani buhun gawayi da masu haƙar kayan tarihi suka kawo daga wata tsohuwar maƙera, aka ajiye a kabad ɗinsa ana jiran ranar da za a aika da shi Turai a auna. Shekara tara yana share masa ƙura, har mai buhun ya rasu. Ya ce, "Uwata, abin kunya ne a ce tarihinmu sai ya hau jirgin sama kafin a gaya mana shekarunsa."

Ni na riga shi zuwa nan da shekara biyu, ina karatun digiri na uku a fannin sinadarai. Mu muka tarbe shi a filin jirgi. Ya fito da babbar riga da hula, yana jan akwati da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da ƙaramar jakar sukurdireba da ya ƙi yarda a raba shi da ita tun Abuja, sai da aka tilasta masa sa ta cikin kaya, kuma bai bar wajen ɗaukar kaya ba sai da ya buɗe ya ƙirga su.

Ya saba da garin ta hanyarsa. Kalma uku ya fara koya: makan, wato cin abinci, boleh, wato zai yiwu, da lah da suke ƙarawa a ƙarshen magana, kuma da su ya yi shekara biyu yana ciniki. Yana da teburinsa a wani mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gininsu, inda yake shan shayi mai kumfa, kullum yana ƙorafin sukari ya yi yawa, kullum yana shanyewa. Ɗalibai kan zagaye shi da hira, kuma duk sun san kalmarsa. Idan wani ya ce dogayen benayen tsakiyar gari sun fi kaza tsawo, ko mutanen nan sun fi mu kaza, ko garinsu ya girmi Kano, sai Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Wa ya auna?" Ba da faɗa ba. Tambaya yake yi da gaske, kuma yana jiran amsa. Har ya kai samari suna faɗa wa juna haka a filin ƙwallo.

Sau ɗaya ya kai mu ɗakin gwajin, ni da Hajiya, bayan ta zo ta same shi a watanni shida na ƙarshe. Tafiyar awa guda ce a jirgin ƙasa, a wajen gari. Tun a ƙofa ya sa muka cire takalma, muka wanke hannu, ya karɓe ƙullin gyaɗar da ke jakar Hajiya ya ajiye a waje. Ya ce ɓarɓashin gyaɗa ɗaya ya isa ya mayar da abu mai shekara dubu ya zama ɗan jiya.

Na yi tsammanin zan ga wani ƙaton abu. Injin bai fi ƙananan motoci biyu a jere ba, bututan ƙarfe masu sheƙi da suka lanƙwasa, da wayoyi, da wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ta firiji. Kawu ya ce irinsa na da sai an gina masa zaure kamar sito, shi ya sa ƙasashe irin namu ba sa ko mafarkinsa. Wannan kuwa ɗaki ɗaya ya ishe shi. Ya ɗora tafin hannu a jikinsa yadda ake shafa doron saniya.

Hajiya ta ce, "Yanzu Malam, wannan ƙarfen ne zai gaya maka shekarun abin da ba ka ga farkonsa ba? Wannan ba shiga gaibu ba ne?"

Ya ce, "Hajiya, in kin je sayen rago, dillali ba ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya ce miki shekararsa biyu? Ya shiga gaibu?"

Ta ce, "Wannan rago ne."

Sai ya zauna ya yi mata bayani a hankali, kuma ban taɓa jin malami ya yi shi da sauƙi haka ba. Ya ce duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗibar kabon daga iska da abinci. A cikin kabon ɗin akwai wani iri ɗan kaɗan ƙwarai da ba ya daɗewa, yana raguwa da kansa. Muddin abu yana raye, yana mayar da abin da ya ragu. Ranar da ya mutu, shigowa ta tsaya, sai raguwa kawai, kuma an san saurinta: duk bayan shekara dubu biyar da ɗari bakwai da 'yan kai, rabi ya tafi. Aikin injin shi ne ya ƙirga abin da ya saura. A da sai an ƙona abu mai yawa, a zauna kwanaki ana jira. Yanzu ɗan abin da bai fi ƙwayar gero ba ake wankewa da asid, a ƙona, a mayar da hayaƙinsa baƙin gari irin na bakin fensir, a danna cikin wani ɗan ƙarfe, a sa a inji. Ya ce, "Amma ki sani, ba ya sanin ranar da aka sassaƙa turmi. Ranar da aka sare itacen kawai ya sani."

Hajiya ta daɗe tana kallon injin, ta ce, "To, Allah Ya sa ya yi amfani." Ta tambaya ko yanzu za a iya ba ta gyaɗarta.

Shugabar ɗakin, wata mata 'yar Malesiya da ba ta kai shi shekaru ba, Pak Cik take ce masa, wato kawu a yarensu. Ta gaya min a gabansa cewa an turo shi ya koya, amma cikin wata uku shi ya gano inda iska ke shiga wani bututu, da kunne kawai, bayan sun yi sati suna nema. Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Daɗi ya ji, kuma bai iya ɓoyewa ba.

Akwai abin da ba zan manta masa ba. A shekararsa ta farko, kafin Hajiya ta zo, na yi ɓarin ciki wata biyar, aka riƙe ni a asibiti kwana goma sha ɗaya. Maigidana yana tsakanina da jarrabawarsa. Kawu, wanda bai taɓa dafa ko ruwan zafi a gidansa ba, ya kwaso tabarmarsa ya tare a falonmu. Shi ke tashin 'yata, ya kai ta makaranta, sannan ya kama jirginsa. Da kitsonta ya tsufa, ya zaunar da ita ya gwada da kansa, yana kallon bidiyo a waya. Abin da ya fito ba kitso ba ne. Ya ɗaure ƙarshen kowane da 'yar robar da ake ɗaure wayoyin lantarki. Haka ya kawo min ita asibiti, tana taƙama. Ranar na fara dariya tun da abin ya faru, har nas ta leƙo. Bai taɓa ce min komai a kan abin da na rasa ba. Da zai tafi ya ce, "Uwata, ki ci abinci," ya tsaya a bakin ƙofa har ya ga na kai cokali baki.

Amma ba zan ce ba shi da laifi ba, don shi ma ba zai so in ce ba. Kawu yana da kaifin baki idan ya tabbata yana da gaskiya, kuma wannan ne ya raba shi da yayansa.

A gidan kakanninmu a cikin birni akwai wani littafin fiƙihu, rubutun hannu, a cikin gafaka ta fata. Kawu Babba ke ajiye da shi. Tun muna yara ake gaya mana kakan kakanninmu ne ya zo da shi daga gabas, kuma ya haura shekara ɗari biyar. Baƙi in sun zo, shi ake fito musu da shi. Da Kawu ya je hutu bayan shekararsa ta farko, ya roƙi yayansa ya bar shi ya ɗebi kaɗan ya auna. Kawu Babba ya yarda da murna, da hannunsa ma ya riƙe almakashi. Suka yanki gefe biyu inda babu rubutu, kowanne kamar farce, ɗaya daga shafin farko, ɗaya daga tsakiya.

Kawu ya dawo ya auna na shafin farko. Ina wajensa a nan ranar da ya kira gida ya faɗi sakamako, wayar a buɗe kowa yana ji, can ma an taru a zaure. Ya ce takardar ba ta kai shekara ɗari uku da hamsin ba, kuma ba zai iya cewa ga shekarar ba, don a wannan tsakanin injin ba ya iya tsinkewa, amma ɗari biyar kam babu ita.

Kawu Babba ya ce, "Shafin farko ai gyara ne. Baba ya taɓa gaya min gara ta ci farkon littafin, aka sake kwafa. Ka auna na tsakiyar mana."

Kawu ya ce, "Yaya, wannan labarin yau na fara jin sa."

"Kana nufin ƙirƙira na yi?"

"Ina nufin ba a ɓata lokacin inji don a faranta wa wani rai."

A gaban 'ya'ya da jikoki ya faɗi haka. Kawu Babba ya ce, "To, madalla. Ƙarfe ya fi ubanka gaskiya." Ya kashe wayar.

Shekara guda ba su yi magana ba. Da sallah Kawu ya kira, aka ce Yaya yana barci. Mama ta shiga tsakani har ta gaji. Ni ma na taɓa ce masa, "Kawu, da ka ba shi haƙuri." Ya ce, "Haƙurin me, Uwata? In ce lissafi ya yi ƙarya?" Na ce ba lissafin ba, maganar. Ya ɗauki kofinsa ya juya fuska wajen titi. Ban sake tayarwa ba.

Shi ya sa ranar rasuwar, da aka zo maganar inda za a binne shi, kowa ya rasa wanda zai kira Kawu Babba, alhali shi ne mai yanke magana. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, 'yan sanda suka gama takardunsu washegari. Wasu ɗalibai suna ganin a kai shi gida, tunda sati uku ya rage masa. Maigidana ne ya kira. Ya ce Kawu Babba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A binne shi a nan. Kada a wahalar da shi." Ya kashe, bai tambayi komai ba.

Mutanen ƙaramin masallacin unguwarsu suka ɗauki nauyin komai, wanka da likkafani da mota. A nan mata suna zuwa maƙabarta. Maƙwabtan Hajiya suka zo da fararen mayafai suka ce mu tashi. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa ba, ba kuma za ta fara da Malam ba. Ta ce min, "Ke ki je, ki gano min." Na je, na tsaya daga nesa tare da matan. Ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya. Ina kallo ana mayar da ita, ina ta jin kamar an yi kuskure, kamar wani zai zo ya ce a dakata.

Bayan kwana takwas shugabar ɗakin gwajin ta kira ni. Na je. Ta rungume ni tana kuka, sannan ta nuna min wani ɗan faranti mai ramuka. Ta ce Pak Cik ya shirya abubuwa goma sha biyu da ya zo da su daga Najeriya, ya gama wanke su da ƙona su, ranar da ya rasu ce ranar da aka ba shi ya sa su a inji. Kowanne da lambarsa, ɗaya zuwa sha biyu. Amma ba su san mene ne kowanne ba, kuma ba a aunawa sai an rubuta asalin abu. Ta miƙo min ɗan littafinsa. Ta ce sun ba wani Balarabe ya duba, ya ce haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba ce.

Da ajami ya rubuta. Ni ajamina na makarantar allo ne, kuma hannun Kawu irin na mutanen da ne, a cukurkuɗe, babu wasali. Na kai wa Hajiya, ta ce ita ma ba ta iya karanta rubutun Malam. Na kira Mama. Ta ce, "Mutum ɗaya ne zai karanta miki. Shi ya koya masa riƙe alƙalami."

Na ɗauki hoton shafukan na tura wa Kawu Babba, na jira har hantsi ya yi a Kano, na kira. Na yi masa gaisuwa, ya amsa a gajarce. Na gaya masa abin da ake nema. Ya ce in dakata ya ɗauko tabarau.

Ya fara karantawa, ni ina rubutawa. Muryarsa a bushe, kamar mai karanta takardar ofis. Na ɗaya, gawayi daga tsohuwar maƙera, na marigayi mai buhu. Na biyu, guntun azara daga rufin wani tsohon masallaci da aka rushe. Na uku, ƙashin dabba daga gindin ganuwa. A na biyar ya tsaya ya ce, "Har yanzu bai iya rubuta wannan harafin daidai ba. Tun yana yaro nake faɗa masa." Ya ci gaba. Ƙwayar dawa da ta ƙone a cikin tulu. Zaren saƙa. Ya kai na sha ɗaya.

Sai ya tsaya. Na duba wayar ko ta katse. Na ce, "Kawu, saura na sha biyu."

Ya ce, "Na gani."

Na jira. Ina jin kukan kaji a tsakar gidan, da wata mata tana kiran yara. Da ya sake magana, muryar ba ita ba ce. Ya karanta a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Na sha biyu. Littafin gida, shafin tsakiya. Yaya ya ce na farko gyara ne. Ya kamata in saurare shi tun ranar. Ko me ya fito, da hannuna zan kai masa, in durƙusa."

Ban iya rubutawa ba. Biron yana hannuna, takardar tana jiƙewa. Can na ce, "Kawu, shugabar ɗakin gwajin ta ce sai da izinin mai abu. In ka ce a bari, za a bari."

Ya ce, "Ki ce su sa shi a injin. Abin da ya fito ki gaya min, ko daɗi ko ba daɗi."

Na ce to.

Ya ce, "Uwata, an ce kin je wajen."

Na ce na je.

"Inda kuka sa shi, akwai inuwa?"

Na ce akwai. Wata bishiya ce mai fararen furanni, irin da suke shukawa a maƙabartunsu, reshenta ya kai har kansa.

Ya ce, "To. Ba ya son rana, tun yana ƙarami." Ya ja numfashi, ya ce in kashe wayar daga nan, shi ba ya ganin madannin.

Har yau da nake rubuta wannan sakamakon bai fito ba, an ce sai wata mai zuwa. Hajiya ta koma Kano ranar da ke kan tikitinsu, kujerar gefenta babu kowa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa daga ƙasar da ba tasa ba, da safe, a kan hanyar aikinsa. Ka gafarta masa kaifin bakinsa, Ka saka masa da alherin hannunsa, Ka yalwata masa makwanci. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon faɗa wa juna magana tun muna jin juna. Amin.